Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar NERC kan rarar wutar sola ta saman rufin gidaje

Zuwa ga Shugaba da Kwamishinonin Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, Abuja.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai sana'ar haɗa sola ne a Kano, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsarin nan da kuka fitar da daftarinsa a 2025, wanda zai ba mai sola damar tura rarar wutarsa cikin layin kamfanin rarraba wuta, a lissafa masa, a rage masa kuɗin bil. Mun daɗe muna jiran ranar da hukuma za ta waiwayi wannan batu, don haka ba zan tauye muku yabo ba. Sai dai tun ran gini ran zane. Mai sayen faifan sola yana sayen abin da masu ƙera shi suka ce zai yi shekara 25 yana aiki, kuma lissafin da zai yi kafin ya ciro kuɗinsa ya rataya ne kacokan a kan abin da kuka rubuta. In rubutun nan zai iya sauyawa bayan shekara biyu ko uku, to an ɗana wa mutum tarko ke nan, ko da ba da niyya ba.

Ina so ku ga abin da ke faruwa a gida mai faifai takwas ko goma a watan Afrilu. Da hantsi batir ya fara ɗauka, kafin azahar ya cika fal. Yara suna makaranta, maigida yana kasuwa, ba abin da ke aiki sai firji da fanka ɗaya a ɗakin uwargida. Ka tsaya gaban inbata, na'urar da ke juya wutar faifan ta zama wutar gida, ka zuba ido, za ka ga lambar da ke gilashinta tana sauka, daga kilowat uku da wani abu ta dawo wat ɗari huɗu, alhali rana tana tsakiyar ka. Na'urar ce ke taka wa faifan burki, don babu inda za ta kai wutar. A daidai wannan lokaci, katanga ɗaya ce tsakanin gidan da shagon tela wanda ke fama da ƙaramin janareta, ga mai sayar da ƙanƙara can gaba kaɗan ya yi tagumi, firjinsa ya fara tsiyaya. Haka ake yi kullum ta Allah, unguwa-unguwa, daga azahar zuwa la'asar.

Ƙasar da babban layinta ke jujjuyawa tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutum sama da miliyan 200 ba ta da wutar zubarwa. A Janairun 2023 an yi biki an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso, shugaban ƙasa da kansa ya zo. Gida 2,000 masu kilowat biyar-biyar sun tashi wannan tasha cif, kuma gwamnati ba ta kashe ko kwabo ba, ba a karɓe filin kowa ba, ba a ba wani kwangila ba. Jama'a ma ba su jira an ce su yi ba. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sa janareta ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. A Afrilun 2024 kuka kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan Rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 kullum, daga baya ya sauko ya tsaya wajen 209. A Oktoban 2024 kuma aka bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, bayan layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace a hannun ɓarayi da 'yan ta'adda, sannan wanda ke tasowa daga Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi. Tun daga nan wanda bai taɓa tunanin sola ba ya sayar da abin sayarwa ya saka. Fadar shugaban ƙasa ma an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta kafa nata, to wa zai ga laifin mai kemis a Kurna?

Shi ya sa na yi turus da na ga a daftarin an sa kilowat 50 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum zai mallaka kafin ya shiga tsarin. Kilowat 50 faifai wajen 90 ke nan, irin manyan nan masu wat 550. Wane gida ne a Gwammaja ko Fagge ke da rufin da zai ɗauke su? Wannan ma'auni ne na masana'antun Sharada da Bompai da Challawa, da otal-otal da manyan asibitocin kuɗi. Ba na ƙyashin su shiga, su ma suna da rara ranar Lahadi da ranakun hutu. Amma rarar da nake gani da idona tana kan rufin gidaje, da makarantun unguwa da ke rufe Asabar da Lahadi da dogon hutu, da masallatan da ba sa kunna komai sai lokacin salla. Masallacin da rarar wutarsa ta rana za ta biya masa wutar asham da tahajjud, kwamitinsa ya huta da yawo da kwano bayan kowace Juma'a. Pakistan da ta fito da nata tsarin a 2015 daga kilowat ɗaya ta fara. Kenya ta fitar da nata a 2024, kuma gidajen zama suna ciki. Na fahimci cewa mu'amala da manya ɗari ta fi mu'amala da ƙanana dubu goma sauƙi, kuma wataƙila kuna so ku fara gwaji ne. In haka ne, ku rubuta shekarar da watan da za a buɗe wa ƙanana ƙofa, kada a bar mu da "nan gaba kaɗan", don mun san tsawon nan gaba kaɗan a ƙasar nan.

Abin da aka hana shi ƙofa kuwa ta taga yake bi. Yanzu haka mutane suna jan waya ta saman katanga suna sayar wa maƙwabta wutar rana, a biya su a wata. Siririyar waya ce irin ta ƙwan fitila, ba abin katse wuta in ta yi gardama, an naɗe mahaɗarta da leda. Damina na zuwa, yara suna wasa a ƙarƙashi.

Maganar mita ita ma ba ƙarama ba ce. Wata Hajiya ta taɓa kirana hankali tashe, wai tun da ta saka sola katinta ya fi saurin ƙarewa. Na je da rana, na tsaya gaban mitar, ga gidan kaf yana kan sola, amma yunit yana raguwa a gabana. Yaron da ya haɗa mata ya bar inbatar tana tura rara waje, mitar kati kuwa irin wadda ba ta bambanta shiga da fita ce, duk abin da ya ratsa ta ci ne a wurinta. Wato baiwar Allah nan tana ba layi wuta kyauta, kuma ana cire mata kuɗin kyautar da ta yi. Abin da na iya yi shi ne na rufe hanyar fitar gaba ɗaya, kamar yadda muke yi wa kowa. Tsarinku ba zai yi aiki ba sai da mita mai lissafin shiga da fita daban-daban, a ƙasar da miliyoyin mutane har yau ko mitar farko ba su samu ba, bil ɗin kintace ake kawo musu. Tsorona shi ne wannan sabuwar mita da takardar izinin haɗawa su zama wani sabon shingen karɓar na goro. Ku ƙayyade kuɗin mitar ku buga kowa ya gani, ku sa wa kamfani wa'adin kwanakin da zai amsa takardar mutum, in ya wuce bai ce uffan ba a ɗauka ya amince. In ba haka ba fayil zai kwana a teburi har faifan ya tsufa.

Na san abin da kamfanonin rarraba wuta za su ce, kuma ba duka ne son zuciya ba. Waya da falwaya da taransifoma da albashin ma'aikata kuɗi ne, ko ka sha wuta ko ba ka sha ba. In mai hali ya ba da yunit goma da rana ya karɓi goma da dare, bil ɗinsa ya tashi babu, to wa zai biya kuɗin layin da ya yi amfani da shi sau biyu? Ɗan haya ne zai biya, wanda ba shi da rufin kansa balle faifai. Wannan magana tana da nauyi, shi ya sa ban zo neman a riƙa biyan yunit da yunit har abada ba. A biya mu ƙasa da farashin sayarwa, mun yarda. Amma a tuna cewa yunit ɗin da ya fita daga rufin gida bai yi tafiya daga Kainji ko Shiroro ba, bai zube a hanya ba. Gidan maƙwabci ya shiga, a ƙarƙashin taransifoma ɗaya, kamfani ya sayar da shi a cikakken farashi. Kuma kada wani ya kawo muku hujjar jihar Kalifoniya ta Amurka ya ce ai su ma sun rage kuɗin rara. Su da rana tsaka wutar sola ta yi musu yawa ne, har ta kan rasa mai saye. Mu da rana tsaka rabon wuta ake yi, a ba wannan unguwa a ɗauke wa waccan. Mai fama da ambaliya da mai fama da fari ba maganinsu ɗaya ba.

Abin da ya faru a jihar Nevada ta Amurka shi na fi so ku tsaya a kansa, don hukuma irin taku ce ta yi shi. A Disamban 2015 hukumar kula da wuta ta jihar ta ƙara kuɗin wata-wata ga masu sola, ta kuma zabtare abin da ake biyan su na rara. Wannan kaɗai da sauƙi. Abin da ya tayar da ƙura shi ne an ce sabuwar ƙa'idar ta hau kan kowa, har waɗanda suka riga suka saka, mutanen da suka ci bashi ko suka sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 bisa tsohon lissafi. Dare ɗaya aka mayar da ribar mutum asara. Manyan kamfanonin haɗa sola irin su SolarCity da Sunrun suka tattara suka bar jihar, SolarCity kaɗai ta sallami ma'aikata 550. Masu neman sabon haɗi suka ɗauke ƙafa. Aka yi ta zanga-zanga da shari'a, har a Satumban 2016 hukumar ta janye, ta mayar da mutum wajen 32,000 kan tsohon tsari na tsawon shekara 20. A Yunin 2017 Gwamna Brian Sandoval ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsarin, kuma yadda aka gina ta shi ne darasin. An yi matakai huɗu tun farko: rukunin farko za a biya su kashi 95 cikin ɗari na farashin sayarwa, na biyu 88, na uku 81, na ƙarshe 75. Matakan farko kowanne yana cika ne idan an haɗa megawat 80, kuma duk matakin da ka shiga a kansa za ka zauna shekara 20. Farashi yana sauka, amma kowa ya san da saukarsa tun kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya. Sai da suka ɓata shekara ɗaya da rabi da ayyukan mutane kafin su gane haka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kalifoniya ɗin ma da ta rage kuɗin rara da kusan kashi 75 cikin ɗari daga Afrilun 2023, ba ta taɓa tsofaffin masu sola ba, ta bar musu shekara 20 ɗinsu.

Pakistan ta fi kama da mu: wuta mai tsada, kamfanoni masu bashi, jama'a da suka gaji. Zuwa ƙarshen 2024 mutum wajen 283,000 sun shiga tsarin, da ƙarfin da ya haura megawat 4,000. Gwamnati ta tsorata da yawan, a Maris ɗin 2025 kwamitin tattalin arzikinta ya amince a rage farashin rara daga rupi 27 na kuɗin ƙasar zuwa 10 ga sababbin shiga, aka yi ca, majalisar ministoci ta dakatar da maganar ta ce a sake shawara. Abin da na ɗauka a nan shi ne gara ku fara da farashi madaidaici wanda za ku iya riƙewa, da ku fara da romon baka ku dawo kuna lashe amanku. Mai sola da aka yi wa haka ba gardama zai tsaya yi ba. Batir zai ƙara, ya sa a yanke masa waya, ya huta. Batirin litiyam yana ta araha shekara bayan shekara. Waɗanda za su fara ficewa kuwa su ne masu biyan bil a kan kari, su ne kamfanoni ke rayuwa da su. Tsarin da aka riƙe da amana shi ne abin da zai sa irin waɗannan mutane su ci gaba da zama a kan layi.

Don haka roƙona shi ne a rubuta ƙarara, a cikin dokar kanta da cikin takardar da kowane mutum zai sa wa hannu, cewa sharuɗɗan da ya shiga a kansu za su tsaya masa shekaru kaza, ni dai da 20 na gani ya dace, kuma duk wani sauyi sababbin shiga kaɗai zai shafa. Farashin kuma kada a rubuta shi da naira tsagwaronta. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Duk adadin da aka rubuta a wancan lokaci yau ko kuɗin wanke faifai bai kai ba. A ɗaure shi da kaso cikin ɗari na farashin da kamfani ke sayar wa wannan gidan, in sun ƙara ya ƙaru, in sun rage ya ragu.

A kuma bar wa mutum rararsa ta zagaye shekara. A nan Arewa lokacin sanyi ne ake tara ta, ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙura da muke hawa muna gogewa. Daga Maris zuwa Mayu kuma ake neman ta ido rufe. Manomi da kaka yake zuba hatsi a rumbu don ya ci da bazara, rumbun da ake sharewa duk ƙarshen wata kuwa ba wanda zai kai masa ko tiya ɗaya.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, wanda Nevada ba ta yi fama da shi ba: wa ke riƙe da alkawarin? Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu, kuma kun riga kun miƙa wa da dama ragama, har da Neja da Filato da Kogi. Mun ga yadda hukumar Inugu ta sauke farashin Rukunin A zuwa naira 160 a 2025 aka yi ta kai ruwa rana. Ba ina cewa sun yi daidai ko sun yi kuskure ba ne, ina nuna cewa sabon hannu yana zuwa da sabon lissafi. Kamfanonin ma ba a zaune suke ba. A Yulin 2022 an sauya shugabannin da dama daga cikinsu saboda bashin banki, a Janairun 2024 ku da kanku kuka rushe hukumar gudanarwar na Kaduna saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Mutumin da ya tara yunit dubu a hannun kamfani, aka wayi gari kamfanin ya koma hannun wasu, ko jiharsa ta karɓi ragama, ina matsayinsa? Ya kamata ya zama sharaɗin miƙa mulki ga kowace jiha, da sharaɗin sayen kowane kamfani, cewa an gaji waɗannan yarjejeniyoyi yadda suke. Haka in mutum ya sayar da gidansa ko ya rasu, yarjejeniyar ta bi rufin, magada ko mai saye su ci gaba. Kuma gara a riƙa zuba wa mutum rararsa yunit a mita da a ce ya je ya karɓi tsabar kuɗi a hannun wanda bai gama biyan masu samar da wuta ba.

Na bar mafi wuya a ƙarshe. Ba a tura wuta cikin mataccen layi. Duk inbatar kirki an ƙera ta ne ta daina turawa nan take in an ɗauke wuta, don kada ta kashe ma'aikacin da ke saman falwaya yana gyara, kuma haka ya kamata. Ko wutar ta zo, in mai rauni ce irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, inbatar ƙin ta take yi. Ma'ana duk wannan tsari yana aiki ne a sa'o'in da layi ke raye da rana kawai. Ɗan Rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 zai amfana in an cika masa. Na D mai awa takwas da na E mai huɗu, waɗanda sau da yawa tasu wutar sai tsakar dare take zuwa, sun sayi mita mai tsada a banza. Kafin mutum ya sa hannu, a tilasta wa kamfani ya nuna masa awa nawa layin unguwarsa ya yi a raye tsakanin ƙarfe tara na safe da huɗu na yamma a watannin baya. Kuna da waɗannan alƙaluma, da su kuke sauke layi daga Rukunin A in ya gaza. In kamfani ya yi alkawarin sa'o'in rana ya kasa cikawa, ya zama akwai abin da zai mayar wa mai sola, ko yaya yake. Ta haka ne kamfanin ma zai ga amfanin barin layin unguwa mai yawan faifai a kunne da rana, tunda unguwar ce ke ciyar da kanta rabi da rabi.

Ina roƙon ku kawo zaman jin ra'ayi Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, kada ya tsaya a otal a Abuja da Legas. Ku gayyaci masu haɗawa da masu sayar da kayan a Sabon Gari, su suka san wace inbata ce ke shigowa ƙasar nan, wacce ce ke da takardar inganci, wacce ce jabu. Takardar yarjejeniyar ta zama gajera, a fitar da ita da Hausa da sauran manyan harsuna, yadda Hajiyar nan za ta karanta da kanta ta san abin da ta sa wa hannu. In rigima ta taso a kan lissafin yunit, ofisoshinku na sauraron koke da ke jihohi su karɓa, a sa musu wa'adin yanke hukunci, kuma kada a yanke wa mutum waya kafin a gama.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Mai sana'ar haɗa sola,
Kano.